Ƙarfi Ko Gudu? Abin Da Mai A-Kori-Kura Zai Auna Kafin Ya Taɓa Aksul Na Baya

Tun daga shekarar 1930, lokacin da hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta iso Nguru ta tsaya, duk kayan da za su wuce gabas zuwa Gashua ko arewa wajen iyakar Nijar sai dai a ɗora su a bayan raƙumi da jaki, daga baya kuma mota. A cikin motocin da suka gaji wannan aiki, a-kori-kura ta Peugeot, watau 404 da ƙanwarta 504, ta yi suna ƙwarai, musamman bayan da aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna, cikin 1975. An daɗe da daina ƙera su, amma waɗanda suka rage suna nan suna ɗaukar gero da wake da busasshen kifi da kanwa zuwa kasuwanni.

To, tun da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowane mai tsohuwar mota ya shiga neman dabarar rage shan mai. Ɗaya daga cikin dabarun da akan ba mutum shawara a gareji ita ce ya canja haƙoran aksul na baya. Shawarar ba ƙarya ba ce, amma tana da sharaɗi, kuma wanda bai san sharaɗin ba yana iya sayar da ƙarfin motarsa ba tare da ya sani ba.

Yadda abin yake aiki

A tsakiyar aksul na baya akwai wani tulu na ƙarfe. A cikinsa farfela, wadda ke kawo juyi daga akwatin giya, tana juya wani ɗan dunƙule mai haƙora, shi kuma ya juya babban faifai mai haƙora, faifan ya juya tayoyi. Idan aka ƙirga haƙoran faifan aka raba da na dunƙulen, lissafin da ya fito shi ne ma'aunin aksul ɗin. Misali, faifai mai haƙori 39 da dunƙule mai 8 suna ba da 4.875, watau farfela za ta juya kusan sau biyar kafin taya ta juya sau ɗaya. Faifai mai 35 da dunƙule mai 9 kuwa suna ba da 3.89.

Bari mu ɗauka taya tana cin mita 2 a kowane juyi, motar kuma tana tafiyar kilomita 80 a awa a giya ta huɗu. Da ma'auni na farko injin zai riƙa juyawa sau 3,250 a minti, da na biyu kuwa wajen sau 2,600 kawai. Injin ya huta, ƙara ta ragu, mai kuma ya yi auki. Amma fa ƙarfin da ke isa taya ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar, a kowace giya, har da ta ɗaya wadda ake tashi da ita. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, haka abin yake a nan: abin da aka ƙara wa gudu, daga ƙarfi aka ɗebo shi.

Hanya biyu a ƙasa ɗaya

Wanda aikinsa bai wuce kwaltar Nguru zuwa Gashua ta Jajimaji ba, tafiyar da ba ta kai kilomita 70 ba kuma babu hawa, idan lodinsa ba mai nauyi ba ne, zai ga amfanin ƙaramin ma'auni a aljihunsa. Amma da zarar an sauka daga kwalta aka nufi ƙauyukan Machina ko Yusufari, inda tuddan yashi na Tulo-Tulo suke, sai magana ta canja. Yashi yana riƙe taya, motar da aka rage wa ƙarfi ba ta iya tashi da lodi sai direba ya danna totur yana sassauta kuloci. Haka kuloci ke ƙonewa, lagireto ya tafasa, man da aka yi tattali a kwalta ya ƙone cikin tafiyar zango guda a giya ta biyu. Motar da ta kafe da rana a wannan daji kuwa, ba kaya kaɗai ke cikin hatsari ba, har da rayukan fasinjan da ke zaune a kan buhuna.

Saboda haka mai bin yashi da taɓon fadama babban ma'auni ya fi masa, ko da injin zai yi ta kuka a kwalta. Haka nan wanda ya sa wa motarsa manyan tayoyi don ta ɗaga daga ƙasa, ya sani ya riga ya rage ƙarfi: tayar da ta fi ta asali girma da kashi 10 cikin ɗari tana cin kusan kashi 10 na ƙarfin ja. Irin wannan mai mota ƙara ma'auni ya kamata ya yi, ba ragewa ba.

Akwai kuma wani hatsari da ba a cika faɗa ba. A tsofaffin motoci agogon gudu daga akwatin giya yake ɗaukar lissafi. Idan aka sauya 4.875 da 3.89 ba a gyara agogon ba, zai nuna 80 alhali motar tana gudun 100, ga lodi, ga birkin da aka ƙera tun shekaru arba'in.

Walda ba magani ba ce

Cikin tulun nan akwai waɗansu ƙananan haƙora waɗanda ke barin tayar waje ta fi ta ciki juyawa idan an sha kwana. Aibinsu shi ne, in taya ɗaya ta samu yashi mai laushi sai ta yi ta wulwulawa, ɗayar ta tsaya cik. Don maganin wannan waɗansu kan sa a yi musu walda, tayoyin biyu su zama ɗaya. A yashi dabarar tana fid da mota, amma a kwalta tana cinye taya, tana hana mota bin sitiyari a kwana, kuma tana iya karya sandar aksul ana cikin tafiya. Rage iskar taya kafin a shiga yashi, a mayar da ita idan an fito, ya fi wannan sauƙi da aminci.

Idan an zo ɗaurawa

Faifai da dunƙule tare ake ƙera su, tare ake goge su a masana'anta, don haka ba a aurar da faifan wata mota da dunƙulen wata. Mai saye ya ƙirga haƙoran da kansa, kada ya dogara da bakin mai sayarwa. Makanike na ƙwarai zai canja boris, ya daidaita tazarar haƙora da siraran washa har ta zama ba ta wuce kaurin takarda biyu ba, sa'an nan ya shafa musu launi ya juya, ya tabbata tsakiyar haƙori ce ke cizo. Aksul ɗin da ya fara kuka bayan aiki alama ce ta an yi gaggawa.

Sai kuma mai. Man giya mai kauri, lamba 90, shi ne na irin waɗannan haƙora, ba baƙin mai na inji ba. A lura kuma, 404 ƙarama ta shiga ta zo da wani irin aksul mai faifan tagulla wanda ke da mansa na musamman, bai kamata a haɗa shi da na ɗaukar kaya ba. Bayan sabon ɗauri a yi tafiya a hankali, a juye man bayan kilomita 800. Da damina, duk lokacin da mota ta ratsa ruwan da ya kai aksul, a duba man; idan ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga.

Kafin mai mota ya ba da kuɗinsa, ya zauna ya ƙirga tafiye-tafiyensa na wata guda: nawa ne a kwalta, nawa ne a yashi, buhu nawa yake ɗauka. Amsar da ya samu ita za ta zaɓa masa haƙora. Idan kuwa hanyarsa ta rabu biyu daidai, ya bar ma'aunin da motar ta zo da shi, domin waɗanda suka ƙera ta don ɗaukar kaya suka auna shi. Allah ya kiyaye hanya.