Aikin yanar ido: me ya sa wani ke gani garau, wani kuma a'a?

A cewar hukumar lafiya ta duniya OMS, yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, alhali makanta ce mai magani. Sai dai a garuruwanmu har yanzu ana jin tsoron aikin. Kowa ya san wani dattijo da aka yi wa aiki ya koma karatun Alƙur'ani, ya kuma san wani da ya dawo gida yana lalube kamar da. Mene ne ke bambanta su?

Abin da ake yi a cikin ido

Bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai wanda haske ke ratsawa. Da tsufa, ko ciwon sukari, ko buguwa, sai ya yi hazo ya zama fari. Wannan ita ce yana. Babu kwalli ko maganin ɗigawa da ke wanke ta, sai aiki.

Likita yakan kashe zafin idon da allura, ba a sa mutum barci. Sai ya ɗan tsaga gefen ido, ya fitar da madubin da ya lalace, ya sa na roba a gurbinsa. Aikin ba ya cika wuce minti 30, kuma galibi washegari ake cire bandeji. Ba sabon abu ba ne: tun 1949 likita Harold Ridley ya fara dasa irin wannan madubi a Landan. A Nijar ana yin aikin a manyan asibitocin Yamai da Damagaram, da asibitin ido na Makka da ke Maraɗi, ban da ayarin likitoci masu zagaya jihohi.

Inda ake samun bambanci

Ma'aunin OMS shi ne, cikin ido 100 da aka yi wa aiki, aƙalla 80 su riƙa gani da kyau, waɗanda ganinsu bai gyaru ba kuma kada su kai 5. Abubuwa uku ne suka fi hana a kai ga haka.

Na farko, wata cutar da ke ɓoye bayan yanar. Hawan jinin ido, wato gulokom, yana cinye jijiyar gani a hankali, kuma jijiyar da ta mutu ba ta farfaɗowa. Ciwon sukari yana ɓata bangon cikin ido. Amodari kuwa yakan bar tabo a kan baƙin ido. Idan akwai ɗaya daga cikinsu, ko an cire yanar gani ba zai cika ba. Shi ya sa ake awo kafin aiki, kuma haƙƙin marar lafiya ne ya tambayi likita abin da zai sa rai da shi.

Na biyu, hannun masu yawo kasuwa-kasuwa suna “buɗe ido”. Su ba sa cire yana. Tsinke suke sokawa su tura ta can cikin ido. Mutum yakan ga haske a ranar ya yi murna, amma ba a sa masa wani madubi ba, ganinsa dishi-dishi ne. Daga baya kumburi ko ƙwayoyin cuta kan kashe idon, har likita ya rasa abin gyarawa.

Na uku, kulawa bayan aiki. A riƙa ɗiga magani yadda aka rubuta a takarda, da hannu mai tsabta. Kada a murza ido, kada a sa kwalli ko tsimin gargajiya. A guji ƙura da hayaƙin murhu, mata su dakata da daka da ɗaukar tulu har likita ya ba da izini. A koma ranar da aka sa, domin a nan ne ake auna tabarau, kuma mutane da yawa tabarau kawai ya rage musu su gani sarai. Idan ido ya yi zafi mai tsanani, ya yi ja, ko gani ya ragu kwatsam, a koma asibiti a ranar, kada a kwana.

Yaushe ya kamata a je?

Ba sai yana ta “nuna” mutum ya daina gani ba. Da zarar ta hana shi gane fuskoki, ƙirga kuɗi ko zuwa masallaci shi kaɗai, lokaci ya yi. Yanar da ta daɗe ƙwarai tana iya jawo hawan jinin ido. Jaririn da aka ga fari a tsakiyar idonsa kuwa, nasa aikin na gaggawa ne, don idon da bai koyi gani da ƙuruciya ba da wuya ya koya daga baya.

Yanar da aka cire ba ta dawowa. Wani lokaci fatar da ke riƙe da sabon madubin takan yi hazo bayan watanni ko shekaru, sai a share ta da hasken leza cikin ƴan mintoci.

Duk mai tsoho a gida da ganinsa ya fara raguwa, ya kai shi a auna idon tun jijiya na da rai.