Zaɓen Jirgin Su Na Hannu: Gangar Jiki Kafin Inji

Kogin Kaduna, wanda ya taso daga tsaunukan Filato ya ratsa birnin Kaduna, sannan ya bi ta madatsun Shiroro da Zungeru kafin ya haɗe da Kogin Neja, yana ciyar da masunta tun kafin a kafa birnin kansa. Mazaunin unguwar Kurmin Mashi a birnin da ya yi niyyar zuba jari a wannan sana'a, ko don ya shiga ruwa da kansa ko don ya damƙa wa masunci jirgi su riƙa raba abin da aka kamo, da wuya ya iya sayen sabo saboda tsadar katako da ta inji, don haka yakan sami kansa tsakanin jirage biyu na hannu. Na farko shi ne kwalekwalen sassaƙa, wato wanda aka fafe daga gungumen itace guda, galibi maɗaci, ana tuƙa shi da filafili ko a tunkuɗa shi da gora. Na biyu kuwa jirgin katako ne, wanda kafinta ya harhaɗa da fallaye da ƙusoshi ya toshe tsakaninsu da tsumma da kwalta, kuma sau da yawa akan sayar da shi tare da injin da ake ratayawa a bayansa.

Yawancin masu saye idonsu kan tafi ga injin, alhali ruwan da za a yi aiki a cikinsa ne ya kamata ya fara yanke hukunci. A cikin birni kogin yana da duwatsu, da rani yakan janye har ya bar tsibirai da wuraren da ruwa bai wuce gwiwa ba, a watannin Agusta da Satumba kuma ya cika ya yi ƙarfi. Mai jefa birgi don karfasa da tarwaɗa da kurungu a irin wannan wuri kwalekwale mara nauyi ya fi yi masa amfani, domin farfelar inji ba ta jure karo da dutse. Wanda ke da burin giwan ruwa kuwa, wato babban kifin nan mai son zurfi wanda nauyinsa kan wuce kilo 100, sai ya nufi manyan tafkuna irin na Shiroro, wanda aka ƙaddamar da madatsarsa a 1990, ko na Kainji da aka kammala a 1968, inda iska kan tayar da igiyar ruwa mai iya kifar da ƙaramin kwalekwale, kuma nisan wurin da ake shimfiɗa mamari, wato doguwar igiya mai ɗauke da ƙugiyoyi masu yawa, ya fi ƙarfin filafili.

Bayan an san ruwan, sai a duba gangar jikin, kuma a nan ne ake yawan cutar mai saye. Sabon fenti ko sabuwar kwalta a jikin tsohon jirgi ba shaidar lafiya ba ce, sau da yawa ma rufa-rufa ce. Dole ne a fitar da jirgin tudu a kife shi, a bi ƙasansa da bakin wuƙa, domin itace mai lafiya yakan ƙi karɓar ƙarfe, ruɓaɓɓe kuwa sai wuƙar ta nutse a cikinsa ba tare da an matsa ba. A jirgin katako wuraren da suka fi saurin lalacewa su ne kewayen ƙusoshi, inda tsatsa ke cin itacen har ramin ya faɗaɗa, da haƙarƙarin da ke riƙe fallayen daga ciki, da kuma allon baya da ake ɗaura inji a kansa, wanda ke shan girgiza kullum. A kwalekwalen sassaƙa abin tsoro shi ne tsagewar da ta bi tsawon itacen, domin facin kwano da ake bugawa a kai yana tsayar da yoyo na ɗan lokaci ne kawai, tsagar kuwa tana ci gaba a ƙarƙashinsa. Daga nan a mayar da jirgin ruwa a ɗora masa kaya daidai da wanda zai riƙa ɗauka, a bar shi ya kwana, da safe a ga yawan ruwan da ya shiga. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.

Wannan bincike ya shafi rai kafin ya shafi kuɗi. A watan Mayun 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 100 ya rabe a tsakiyar ruwa kusa da Warrah a Jihar Kebbi, aka yi asarar rayuka masu yawa, kuma ko da yake jirgin fasinja ne, ƙirarsa iri ɗaya ce da ta manyan jiragen su. A tafkin Kainji har yau akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye lokacin da aka datse Kogin Neja, kuma fallen da ya riga ya ruɓe ba ya tsira idan ya yi karo da su.

Injin shi ne na ƙarshe, domin shi yana gyaruwa. Yawancin waɗanda ake samu ƙananan Yamaha ne masu ƙarfin doki 15 ko 40, waɗanda ake gauraya musu fetur da baƙin mai. Ya kamata a tayar da injin yana sanyi, a ga ko siririn ruwan da ke sanyaya shi yana fita da ƙarfi, sannan a kwance man giyar da ke kusa da farfela, domin idan ya yi fari kamar madara ruwa ya shiga ke nan. Irin waɗannan matsaloli kanikawan Kaduna da maƙeran kasuwar Panteka suna iya magance yawancinsu, amma babu mai iya mayar da ruɓaɓɓen ƙasan jirgi sabo sai an sake shi gaba ɗaya. Akwai kuma lissafin fetur, wanda ya yi nauyi tun da aka janye tallafinsa a 2023, har ya zama ranar da kamu ya yi ƙaranci mai inji yakan dawo da bashi, mai filafili kuwa gajiya kaɗai ya yi asara. Saboda haka mai ƙaramin jari da zai yi aiki a kogin da ke kusa da gida gara ya ɗauki kwalekwale mai lafiyayyen ƙasa, ya zuba ragowar kuɗin a raga da rigar kariya daga nutsewa.