MOTA ƊAYA, FARASHI BIYU: Abin Da Masu Sayen Fijo Suka Gani A Kudancin Kaduna

Duk dattijon da ya yi aikin jirgin ƙasa a Kafanchan, ko ya yi fataucin citta a Kwoi da Kachia a shekarun 1970, idan aka tambaye shi nawa ne kuɗin sabuwar Peugeot 504 a zamaninsu, sai ya mayar da tambaya ya ce, wane kuɗin? Domin kuwa motar da Hausawa ke kira Fijo farashi biyu gare ta. Akwai wanda aka rubuta a takarda, akwai kuma wanda mutum zai biya kafin a miƙa masa makulli.

Mafarin abin shi ne kuɗi sun yi yawa a hannun jama'a, motoci kuwa sun yi kaɗan. A farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji haɗe da bashin watannin baya. A wannan shekara ce kuma kamfanin Peugeot na Nijeriya, wato PAN, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna. Bayan rasuwar Janar Murtala Muhammed a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta bi tafarkin rage almubazzaranci, ta mai da 504 motar manyan jami'anta. Nan da nan darajar motar ta ɗaukaka. Hakimi na so, ɗan kwangila na so, shugaban makaranta na so, ga kuma direbobin haya na hanyar Kafanchan zuwa Jos da Kaduna suna neman mai dogon baya.

DOKA DA KASUWA

Gwamnati ba ta bar abin haka nan ba. Tun 1970 aka kafa Hukumar Ƙayyade Farashi, sa'an nan dokar 1977 ta jera kayayyakin da ba a yarda a sayar da su fiye da ƙa'ida ba. Cikinsu akwai motoci da babura da kekuna da kayan gyaransu, tare da sukari da gishiri da madara da fulawa. Amma doka tana iya yanke farashi, ba ta iya ƙera mota.

To, ga yadda cinikin yake tafiya. Mai saye zai je wurin dillali, a nuna masa farashin gwamnati, a rubuta sunansa, a ce ya jira. Wata ya wuce, wani ya kama, babu labari. Ana nan sai wani ɗan kamasho ya raɗa masa cewa akwai mota a ƙasa, in dai zai ɗora wani abu a kai. Wannan ƙari ba ya shiga rasit. Wasu kuma masu uwa a gindin murhu su kan sami takardar izinin saye a farashin ƙa'ida, ba don suna bukatar mota ba, sai don su sayar da takardar ga wanda ya matsu. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Mutanen kudancin jihar sun fi kowa jin jiki a wannan sha'ani. Mazaunin Kaduna yana iya leƙawa ofis kullum, ya san wanda zai gani. Mutumin Zonkwa ko Kagoro kuwa sai ya bar aikinsa, ya biya kuɗin mota da na masauki, ya koma gida hannu rabbana. Manomin citta kuɗinsa na kaka ne, in ya daɗe yana jira hidimomin gida su cinye su. Ma'aikacin da ya ci bashin mota daga gwamnati an lissafa masa ne bisa farashin takarda, saboda haka cikon sai dai ya nemo a wurin dangi. Direban haya da ya biya ƙari kuwa, a aljihun fasinja yake fanshewa.

A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, aka soke lasisin shigo da kaya, darajar Naira ta faɗi. Layin jira ya watse, amma ba don motoci sun wadata ba, sai don sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi. Daga nan kasuwar motocin hannu da ake kira 'yan Kwatano ta buɗe.

BA A NIJERIYA KAƊAI BA

Kada a ɗauka wannan hali na dillalan gida ne kawai. A 2021 da 2022, lokacin da ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki ya rage ƙera motoci a duniya, dillalai da yawa a Amurka sun riƙa ɗora dubban daloli a kan farashin da kamfani ya yanka, har kamfanonin Ford da General Motors suka gargaɗi dillalansu. A Japan ma, Toyota ta sanar a farkon 2022 cewa mai son sabuwar Land Cruiser yana iya jira har shekara 4.

A nan gida dokar 1977 ba ta mutu ba. A watan Fabrairu na 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, a ƙarar da lauya Femi Falana ya shigar, ta umarci Gwamnatin Tarayya ta ƙayyade farashin kayayyakin da dokar ta lissafa, har da motoci. Sai dai wanda zai sayi babbar jif a yau ya fi kula da farashin dala fiye da kowace takarda.

Darasin da zamanin Fijo ya bari shi ne, muddin masu nema sun fi kaya yawa, ƙarin kuɗi zai sami ƙofar shiga, ko ta gaba ko ta baya. Kuma wanda ya fi nisa da ofis shi ne ya fi biya.