Azare: Yadda tikitin dinar bankwana ke raba ɗalibai gida biyu

Duk lokacin da zangon ƙarshe ya ƙarato, akwai sanarwar da ke yawo a zaurukan WhatsApp na ɗaliban ajin ƙarshe a Azare: ranar dinar bankwana, da farashin tikiti a ƙasanta. Na mutum ɗaya daban, na mutum biyu daban, teburin manyan baƙi kuma da nasa kuɗin. Wasu kan fara neman telan da zai ɗinka musu anko. Wasu kuma su karanta, su yi shiru.

Azare, cibiyar masarautar Katagum, ta zama garin ɗalibai. Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh ta daɗe a garin, a 2021 gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya, ga kuma Gadau a kusa, mazaunin Jami'ar Sa'adu Zungur, wadda a da ake kira Jami'ar Jihar Bauchi. Iyayen da yawa daga cikin waɗannan ɗalibai manoma ne da ƙananan ma'aikata.

Lissafin tikitin ba boyayye ba ne. Kwamitin ɗalibai kan tara kuɗin hayar ɗakin taro, abinci, man janareta, mai kiɗa, mai hoto da allunan karramawa, sannan ya raba jimlar da adadin waɗanda ake sa ran za su zo. A nan matsalar take. Hayar ɗaki da mai kiɗa ba sa raguwa don mutane sun ragu, saboda haka duk ɗalibin da ya janye yana ƙara wa na baya nauyi, tsadar kuma ta sake korar wasu. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kusan kowane layi a wannan lissafi ya tashi. Wanda zai taso daga Gadau kuma sai ya ƙara da kuɗin mota, zuwa da dawowa.

A auna da wannan: asusun NELFUND na bai wa ɗalibin da ya samu lamunin naira 20,000 a wata domin ɗawainiya. Idan aka ce tikiti naira 10,000 ne, to rabin abincin wata ya tafi a dare ɗaya, kafin a zo ga anko.

Wasanni sun fi sauƙi, aƙalla a bakin fili. Gasar ƙwallo tsakanin sassa galibi kyauta ake kallo, domin jami'o'in ƙasar nan kan karɓi kuɗin wasanni tun wajen rajista, su kuma tura tawaga gasar NUGA da aka fara a 1966. Sai dai rigunan 'yan wasan sashe da ruwan sha kan koma kan karo-karon 'yan aji, kuma da wuya ɗalibi ya ga bayanin yadda aka kashe abin da ya biya tun farko. A ganina nan ya kamata ƙungiyoyin ɗalibai su fara tambaya.

Dina ma tana da mafita. A yi ta da rana a ɗakin taron makaranta, a nemi gudummawar tsofaffin ɗalibai, a liƙa lissafin kuɗin kowa ya gani, farashin zai sauka. Garin da dubban mutane ke kallon hawan sallar Sarkin Katagum ba tare da biyan ko sisi ba ya san yadda ake taro da kowa a ciki. A yanzu dai, ɗalibin da bai iya sayen tikiti ba kan tsaya ne a farar rigar da abokai ke sa wa hannu ranar jarrabawar ƙarshe.