Hanya Mai Lamba Ɗaya

Wanda ya tashi daga Sakkwato ya nufi Jega cikin mota, da ya ɗan yi tafiya sai ya iso Boɗinga, in ya ƙara gaba ya iso Shagari. Mutanen Boɗinga suna kiran wannan hanya hanyar Sakkwato. Sakkwatawa kuwa su ce hanyar Jega. Kowa yana kiranta da sunan garin da ya nufa. Amma a cikin littattafan Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya suna ɗaya gare ta, tun daga bakin teku har iyakar ƙasa. Sunan nan kuwa harafi ne da lamba, watau A1.

Tun kafin a san mota, mutane suna bin wannan yanki da jakuna da raƙuma. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato cikin 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. A zamanin nan matafiyi ba ya bukatar lamba, sai dai ya tambayi mutanen gari. Da motoci suka yi yawa, hanyoyi suka ratsa ƙasa ko'ina, sai ya zama tilas a yi wa kowace babbar hanya shaida, don kada a rikita ta da wata.

Harafin da ke gaba shi ke nuna mai hanyar. An kasa hanyoyin Nijeriya kashi uku. Masu harafin A na Gwamnatin Tarayya ne, su ne ke haɗa manyan birane da tashoshin jiragen ruwa da kan iyaka. Na rukunin B na jihohi ne, na rukunin C kuwa na ƙananan hukumomi. Saboda haka in gada ta karye a kan hanyar da ta ratsa Shagari, gyaran yana wuyan Gwamnatin Tarayya. Cikin 2002 ma ta kafa hukuma musamman, wadda a kan kira FERMA, don yi wa hanyoyinta faci da gyara.

Lambar kuma ba da ka aka zaɓe ta ba. Akwai manyan hanyoyi huɗu da suka taso daga kudu suka miƙe arewa, aka jera su daga yamma zuwa gabas. A1 ita ce ta yamma. Ta taso daga Ikko, ta bi ta Badun da Ilori, ta ƙetare kogin Kwara a Jabba, ta biyo Kwantagora da Yawuri da Koko da Jega da Tambuwal, sa'an nan Shagari da Boɗinga da Sakkwato, ta ƙare a Illela. Can ƙetaren iyaka, a Birnin Ƙonni, sai ta tarar da babbar hanyar Jamhuriyar Nijar wadda ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram. A2 ta taso daga Fatakwal, ta bi ta Lokoja da Abuja da Kaduna da Zariya da Kano har Daura. A3 ita ma daga Fatakwal ta taso, amma ta bi ta Inugu da Makurɗi da Jos da Bauchi zuwa Maiduguri. A4 kuwa ta gabas ce, daga Kalaba take.

To, akwai waɗansu hanyoyi da suka gitta tsakanin waɗannan huɗu, kamar yadda a kan gitta azara tsakanin bango da bango. Su lambobinsu uku ne. Hanyar da ta fita daga Sakkwato ta bi ta Gusau da Funtuwa ta sauka Zariya, lambarta A126. Ɗaya da biyu na farko suna nufin ta haɗa A1 da A2. Shidan kuwa tana nuna ita ce ta shida in an ƙirgo daga kudu. Wadda ke ƙasa da ita, ta Kwantagora zuwa Kaduna, A125 ce. Ashe yaron da ya gane wannan tsari, da ganin lambar hanya a taswira zai iya faɗin inda ta dosa, ko bai taɓa hawa mota ba.

Amfanin lamba bai tsaya ga matafiya ba. Da ita a ke rubuta tarihin hanya, da shekarar da aka zuba mata kwalta, da yawan gadojinta, da kuɗin da ta ci. Da ita kuma a ke shirya abin da za a yi mata nan gaba, gama hanya ba ta zama yadda take. Garuruwa suna girma, motoci suna ƙaruwa, lodinsu yana ƙara nauyi.

Kafin a taɓa hanya, sai a aiko ma'aikata su zauna a bakinta dare da rana suna ƙirga motocin da ke wucewa, ƙanana dabam, manya masu ɗaukar albasa da shanu da siminti dabam. Babbar mota ɗaya mai lodi ta fi ƙananan motoci masu yawan gaske ɓata kwalta. Daga wannan ƙidaya injiniyoyi za su lissafta yawan motocin da za su bi hanyar nan da shekara 20. Sa'an nan 'yan safiyo su auna ƙasa su kafa turaku. A ɗebi ƙasar wurin a gwada ƙarfinta, a duba inda ruwa ke bi da damina don a san girman kwalbatin da za a sa. In ƙidaya ta nuna hanya ɗaya ba za ta isa ba, sai a shirya mayar da ita tagwaye, masu zuwa gefe ɗaya, masu dawowa gefe ɗaya. In kuwa gari ya cunkushe, a zana wata ta kewaye shi. Hanyar da aka gina musamman don gudu ba tsayawa, harafinta E ne, kamar E1 ta Ikko zuwa Badun wadda aka buɗe cikin 1978.

Wannan shi ya sa ba a yarda a yi gini dab da hanyar Tarayya ba. Faɗin kwaltar da motoci ke bi bai wuce mita 7.3 ba, amma doka ta keɓe mita 45.72, watau ƙafa 150, daga tsakiyar hanya zuwa kowane gefe. In an haɗa gefe biyu, filin ya kusa tsawon filin ƙwallo. Mai wucewa zai ga kamar fili ne ba mai shi, alhali kuwa wurin hanyar gobe ne. Wanda ya gina shago ko gida a ciki, ranar da aka zo faɗaɗa hanya sai a rushe, dukiyarsa ta tafi a banza. Kasuwar da ta ci har bakin kwalta kuma tana jawo haɗari, musamman ga yara masu talla. Tun ran gini a ke ran zane.

Shirin hanya ya kan daɗe ƙwarai kafin ya tabbata. Alhaji Shehu Shagari, ɗan garin Shagari, malamin makaranta ne tun farko. Ya riƙe Ministan Ayyuka daga 1965 zuwa 1966, ya kuma shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. A zamanin mulkinsa aka yi shawarar gina sabuwar babbar hanya daga Sakkwato zuwa Badagiri, can bakin teku. Bai ga aikin da idonsa ba, gama ya rasu cikin 2018. Sai cikin 2024 aka ƙaddamar da shi, aka ce tsawon hanyar zai kai kilomita 1,068, farkonta kuwa Illela. Yaran da ke aji uku lokacin da aka fara maganar, yau waɗansunsu sun yi jikoki.

Saboda haka turken safiyo da ke gefen gona, da allon da ke bakin hanya, ba abin wasa ba ne. Wanda ya tumɓuke turke ya ɓata awon da aka sha wahala aka yi. Wanda ya bar shi a wurinsa ya taimaki waɗanda za su bi hanyar bayansa.

Tambayoyi

1. Waɗanne garuruwa A1 ta ratsa tsakanin Jega da Illela?
2. Me lambar A126 ke nufi?
3. Don me a ke ƙirga motoci kafin a faɗaɗa hanya?
4. Mita nawa aka keɓe wa hanyar Tarayya a kowane gefe, don me kuma?