Haƙurin Guangzhou, Haƙurin Ƙofar Mata

Bakanon da ya sauka birnin Guangzhou don sarin kaya, kalkuleta ce bakinsa na farko: ya danna farashi, mai kanti ya goge ya danna nasa. Sai ya ɗan kwana biyu a unguwar Xiaobei, matattarar 'yan Afirka, kafin kunnensa ya fara tsintar Sinanci. Cikin abin da ke fara shiga akwai man man lai, wato "bi a sannu", maganar da mai masaƙa ke yi maka ranar da kaya ba su kammala ba, biza kuma tana dab da ƙarewa.

A nan mutanenmu ke yin tuntuɓe. "Yi haƙuri" ɗinmu jaka ce mai faɗi, tana ɗaukar ban-baki da jaje da neman afuwa. 'Yan Sin kuwa sun rarraba. Naixin haƙurin jira ne. In ka taka mutum a jirgin ƙasa ka ce masa naixin, sai ya yi maka kallon mamaki, don duibuqi yake jiran ji. Akwai kuma ren, haƙurin cije baki, wanda ake rubutawa da alamar kaifin wuƙa a bisa zuciya. Shi aka sha a Afrilun 2020, lokacin korona, da aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal, wasu suka kwana a titi.

To amma dilolin yadin da ake lodawa a kwantena zuwa Kantin Kwari, wa suke sa wa haƙuri a gida? Marinan Ƙofar Mata, waɗanda ake danganta karofinsu da shekarar 1498. Je ka ga dattijo a bakin rami, ya haɗa baba da toka ya bar su suka nuna, yana tsoma zane yana ɗagawa ya sha iska, hannu ya rine har gwiwa. Ramuka da yawa a gefensa sun bushe. A 2015 marinan Kano sun yi zanga-zanga zuwa fadar Sarki kan kayan Sin masu araha.

Ba na ganin laifin mai neman halalinsa a Guangzhou. Sai dai ya kamata Alhazan da suka iya ciniki da Sinanci su riƙa tafiya da rinin Ƙofar Mata, su nema masa masaya a baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou sau biyu a shekara tun 1957.