Ranar da lambar OTP ta daina zuwa

Duk wanda ya taɓa sayen waya 'yar waje da aka kulle da layi ɗaya ya san takaicin. Wayar lafiyarta ƙalau, amma ba ta karɓar kowane sim sai na kamfanin da aka ɗaure ta da shi. Haka manhajar farko da na gina wa wani mai shagon atamfa take, kuma ban gane ba sai ranar da kamfanin da ke tura mana saƙon tes ya tsaya cak.

Masu saye suna son shiga, lambar OTP ba ta zuwa. Mai shago ya dame ni da kira, ciniki yana wuce shi. A daren na samu wani kamfanin, sai dai tsohon ya riga ya bazu cikin kod ɗina: wurin rajista, wurin wanda ya manta lambar sirri, wurin tabbatar da oda. Kowane ɓangare shi ke haɗa wa kansa abin tura saƙo. Kwana biyu na yi ina bi ɗaya bayan ɗaya, kuma duk da haka na tsallake guda.

Maganin wannan shi masu shirya manhaja ke kira dependency injection. Martin Fowler, wani masanin manhaja ɗan Ingila, shi ya yayata sunan a wani rubutu da ya yi a 2004. Sunan ya fi abin tsoratarwa. Ma'anarsa kawai kada ɓangaren manhaja ya ƙera abin da yake buƙata da kansa. Ya ce "ina buƙatar mai tura saƙo", a miƙo masa daga waje. Bai damu da ko wane kamfani ba ne, muddin zai karɓi lambar waya da rubutu ya aika. Ramin sim ke nan: kowane layi ka zura, waya za ta yi kira.

To wa ke miƙowa? A manyan tsare-tsaren gina manhajar yanar gizo akwai wani akwati da ake yi wa hidimomi rajista a cikinsa lokacin da manhaja ke tashi. Spring na yaren Java yana da shi, Laravel na PHP ma haka, kuma ASP.NET Core na Microsoft ya zo da nasa tun fitowarsa a 2016. Har a wayarka ta Android, Google na ba masu shirya manhaja shawarar amfani da Hilt don wannan aikin. A ASP.NET Core, rajistar layi ɗaya ce cikin fayil ɗin Program.cs:

builder.Services.AddScoped<IMaiTuraSako, KamfaniNaBiyu>();

Da haka na tsara tun farko, kwana biyun nan da sun koma rubuta ɓangaren sabon kamfanin sau ɗaya, sannan a sauya suna a wannan layin. Akwai kuma ribar da aljihu ke ji: lokacin gwaji sai ka yi rajistar mai tura saƙo na bogi, wanda ke nuna lambar a allo kawai. A da, kowane gwaji kuɗin saƙo nake ƙonawa.

Inda ake faɗawa rami shi ne tsawon rayuwar hidimar. AddTransient na ba da sabuwa duk lokacin da aka nema. AddScoped na ba da guda ɗaya ga kowace buƙata da ta iso saba, wato kowane lokaci da wayarka ta nemi shafi. AddSingleton kuwa guda ɗaya ce tal, kowa ita yake sha har a kashe manhajar. Yanzu ka ɗauka an yi wa kwandon sayayya rajista da AddSingleton. Kai kana Kano ka saka turmi biyu, wata a Zariya ta buɗe wayarta ta tarar da su a kwandonta, wataƙila har da adireshinka. A kwamfutarka ba za ka ga matsalar ba, domin kai kaɗai ke gwadawa. Don haka duk abin da ke riƙe bayanin mutum ɗaya, ko haɗin rumbun bayanai, kada ya kusanci AddSingleton.

Ba na cewa kowane ɗan aiki sai da akwati. Na ga masu koyo suna yi wa shafi guda ɗaya rajistar hidimomi goma don kawai sun ga ana yi. Idan manhajar ƙarama ce, miƙa wa ɓangaren abin da yake buƙata da hannu ya wadatar, kuma shi ma dependency injection ne. Amma abin da ke hannun wani kamfani, kamar saƙon tes, biyan kuɗi ko imel, tun ranar farko nake yi masa rami. A manhajar shagon atamfar yanzu kamfanonin saƙo biyu ne a rubuce, ɗaya yana aiki, ɗaya yana jiran ranar da za a kira shi.